Na kai faya-fayan Baba 186 wani shago a Yelwa ta Bauchi a juye min su zuwa fayil ɗin sauti na FLAC, ga yadda muka ƙare

Tun da Baba ya rasu, Allah ya jiƙan shi da rahama, akwai wasu katan guda biyu a saman sif ɗin ɗakin shi da ba wanda ya taɓa su. Faya-fayan sidi ne cike fal, ƙira'a da tafsiri da ƙasidu, kiɗan kalangu da na kukuma da na fada, ga waƙoƙin Sudan da yake mutuwar so, wasu ya sayo su a Makka lokacin da ya je aikin Hajji, wasu kuma a nan cikin gari wajen masu turawa a baro. Bayan ƙaramar Sallah Hajiya ta ce na nemo mata faifan bikin Yaya na shekarar 2004, wanda akwai muryar Baba a ciki yana yi wa ango da amarya nasiha. Na samo shi, na sa a tsohuwar DVD ɗin falo, ya fara lafiya lau, can wajen ƙarshe sai ya kama in'ina yana tsalle, daga nan ya tsaya cak. Da na ɗaga shi na haska da rana sai na ga wasu ƴan ƙananan huji kamar an tsattsaga da bakin allura, haske na ratsowa ta ciki. Wallahi a ranar ban yi barci mai daɗi ba, don wannan faifan babu wani kwafin shi a duniya in ba shi ba.

Da farko ɗan yayata ya ce shi zai yi. Ya ari laftof mai wajen sa faifai, cikin minti biyar ya ce ya gama guda goma, na ce kai anya kuwa. Ashe abun da ya kwasa ƴan fayil ne masu suna Track01.cda, kowanne kilobait 1 yake nunawa, kuma waɗannan ba waƙar ba ce sam, alama ce kawai da Windows ke nunawa ta inda waƙar take a jikin faifai, kana cire faifan shi kenan ba abun da zai yi ƙara. Sai na ɗebi guda ashirin na kai wa masu tura waƙa a kasuwa, suka yi min a yini ɗaya, arha kam ba laifi, amma duk MP3 ne mai 128, wato mai ƙaramin inganci, ba suna ba komai, inda faifan ya yi tsalle haka shi ma fayil ɗin yake tsalle, kuma ba wanda ya ce min uffan, sai da na zo gida na ji da kunnena. Ban ga laifin su sosai ba, aikin su kenan, a tura maka ka ji a waya ka wuce. Ni kuma ba shi nake nema ba, ajiya nake so wadda jikokin Baba za su tarar.

Wani abokin aikina ne ya kwatanta min wannan shagon. A Yelwa yake, ba nisa da jami'a, kuma ko allon suna babu, an dai rubuta gyaran laftof da waya da fenti a jikin ƙofa. Ƙaramin shago ne, benci ɗaya, fanka ɗaya, batir biyu na sola a ƙarƙashin tebur. Mai shagon matashi ne, kowa Injiniya yake ce mishi nima haka na bi.

Abun da ya fara burge ni, bai yi min maganar kuɗi ba sai da ya zazzage katan ɗin duka ya zauna yana sa su ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta, ya fi awa biyu a kan haka, yana kasa su kashi-kashi a kan tabarma. Da ya gama ya ce "Yallaɓai, ba duka ne za a yi wa FLAC ba fa, in na ce maka duka to na ci kuɗinka ne kawai." Cikin 186 ɗin, 97 ne kaɗai sidin sauti na gaske. Guda 52 faya-fayan MP3 ne, irin waɗanda ake cusa waƙa ɗari da wani abu ko tafsirin azumi guda a faifai ɗaya, 31 kuma VCD ne masu hoto, sai 6 da suka tsage ko babu komai a ciki. Ya ce na MP3 ɗin an riga an matse su tun kafin a sa su a faifai, in ka mai da su FLAC girman ne kawai zai ninka, sautin yana nan yadda yake, don haka kwafar su za a yi kai tsaye yadda suke ba a taɓa komai ba. VCD ma haka, ana shiga foldar da ake kira MPEGAV a kwaso fayil ɗin DAT ɗin gaba ɗaya. Ni kam da ya ce duka 186 zai yi min a farashi ɗaya da biya zan yi ban sani ba, to tun daga nan hankalina ya kwanta da shi.

Bari na ɗan tsaya a kan FLAC ɗin nan don mutane da yawa da na yi wa maganar sai su ce wai meye bambancin shi da MP3, ba duk waƙa ba ce. Sidi dai kamfanonin Sony da Philips ne suka fito da shi a 1982, kuma yadda yake ajiye sauti shi ne yana auna shi sau 44,100 a kowace daƙiƙa, a kunne biyu hagu da dama, shi ya sa minti ɗaya kawai yake cin wajen megabait 10, faifai mai awa ɗaya ya kai 600 da ɗoriya. MP3 mai 128 kuwa minti ɗaya wajen megabait 1 ne. To ina sauran taran suka tafi? An zubar da su ne, an zaɓi abun da ake ganin kunne ba zai lura ba an cire, kuma abun da aka cire ba ya dawowa har abada. Kamar ka kai babbar riga wajen tela ka ce ya rage ta ta shiga ƙaramar jaka, zai sa almakashi ne. FLAC kuma ninke rigar ake yi a danne ta da kyau, ranar da ka warware ta za ka same ta da aikinta cif ko zare ɗaya bai fita ba. Yakan rage girman zuwa wajen rabi ko sama da haka kaɗan, kyauta ne ba na wani kamfani da zai rufe maka ƙofa gobe ba, tun 2001 ake amfani da shi, kuma a cikin kowane fayil akwai wata lamba ta tantancewa da za ka iya gwadawa ko bayan shekara ashirin ka gane ko ya lalace a ajiye. Wannan na ƙarshen shi ya fi jan hankalina.

Na zauna na ga yadda yake aikin har sau uku, ba don ban yarda da shi ba, abun ne ya ba ni sha'awa. Kafin ya sa faifai sai ya hure ƙurar, ya goge da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki a miƙe, ba zagaye ba, ya ce in ka bi zagaye ka yi ƙarzo to ka bi layin waƙar kenan ka cinye ta da tsawo. Ya kuma nuna min abun da ban taɓa sani ba, mu kullum ƙasan faifai muke lallaɓawa, ashe saman da ake rubutu a kai shi ya fi hatsari, don abun da ke ɗauke da sautin yana dab da saman ne, ɗan siririn shafe ne kawai ya rufe shi, ƙasan kuwa roba ce mai kauri. Baba kuma Allah sarki da biro yake rubuta suna a kan wasu, yana dannawa da ƙarfi.

Manhajar da yake aiki da ita Exact Audio Copy ce, wani Bajamushe mai suna Andre Wiethoff ya yi ta tun 1998. Ita ba ta wuce wajen da ta yi shakka, za ta tsaya ta yi ta maimaita karanta shi har sai ta samu amsa iri ɗaya, in ta kasa kuma ta rubuta maka a rahoto cewa a minti kaza daƙiƙa kaza akwai matsala. Faifai mai lafiya minti goma zuwa sha biyar ya gama, mai ciwo kuwa sai ya kwashe awa biyu ko fiye. Akwai kuma wani tsari da ake kira AccurateRip, yana gwada abun da ka kwafa da na wasu mutane a duniya da suka kwafi irin wannan faifan, in lambobin ku sun zo ɗaya to ka tabbata naka daidai ne. Amma fa wannan a kan na ƙasar waje kawai ya yi mana aiki, cikin 23 da Baba ya sayo a waje 19 sun samu shaida. Namu na gida ko ɗaya babu a ciki, wa zai sa su? Don haka sai ya bi ta doguwar hanya, kowace waƙa ya karanta ta sau biyu ya gwada lambobin, in sun dace ya wuce, in sun saɓa ya canza na'ura, don guda biyu gare shi, ɗaya ta USB ɗaya kuma tsohuwa a jikin babbar kwamfuta, kuma sau da yawa abun da ɗaya ta kasa ɗayar sai ta karanta. Kowane faifai da foldar shi da rahoton shi a ciki, ina da su duka.

Faifan bikin Yaya shi ya fi ba shi wahala. Irin wanda ake ƙonawa a kwamfuta ne, mai ƙasa kore-kore, kuma su waɗannan ba a buga su da inji kamar na kamfani, wani rini ne a ciki da haske ke ƙonawa, zafi da rana suna cin shi a hankali, to ka haɗa da zafin Bauchi na watan Maris da Afrilu a saman sif ƙarƙashin kwano shekara da shekaru. Sidi daga tsakiya yake fara karantawa ya yi waje, shi ya sa na ƙarshe-ƙarshe su suke a baki inda hannu da ƙura suka fi taɓawa, nasihar Baba kuma ita ce ta bakwai cikin takwas. Injiniya ya bar shi a na'ura tun bayan la'asar har washegari, batir ɗin shi na sola ne suka riƙe don an ɗauke wuta cikin dare. Da safe ya kira ni ya ce "Yallaɓai an samu, amma akwai waje ɗaya da ba zan ɓoye maka ba." A minti na 4 akwai ɗan ƙas guda ɗaya, bai kai daƙiƙa ba, kalma ɗaya ta ɗan gutsure. Ya tambaye ni ko ya share ƙas ɗin, ya ce in zai yi to a kwafi na biyu zai yi, na asalin a bar shi yadda ya fito. Haka aka yi. Na sa iyafis a nan kan bencin na ji Baba yana cewa a riƙe juna da haƙuri da amana, muryar shi tas har da ɗan tarin da yake yi kafin ya fara magana, ban iya ce wa yaron komai ba sai da na fita waje na dawo.

Wani abu da ya kamata kowa ya sani kafin ya kashe kuɗin shi, FLAC ba ya gyara sauti. Abun da ke cikin faifai shi zai ba ka, mai kyau ko mara kyau. Ya buɗe min wata ƴar manhaja Spek da ke zana hoton sauti, na Makka ɗin zanen ya cika har sama wajen 22,000 a ma'aunin tsinin sauti, da yawa daga na kasuwa kuwa sai ka ga an yanke shi ƙat a wajen 16,000 kamar an sa ruler an ja layi, ya ce alamar daga MP3 aka ƙona su kenan aka sayar a matsayin sidi. Wasu kuma daga kaset aka juyo su, kana jin shuuu ɗin kaset a ƙasa. Duk da haka na ce ya yi musu FLAC ɗin, dalilina shi ne waɗannan makaɗan da yawa sun rasu, ban san inda zan sake samun wannan ɗaukar ba, an riga an rage ta sau ɗaya ba zan yarda a sake rage ta a hannuna ba. Kuma gaskiya in a sifikar waya ne ni ban jin bambanci tsakanin FLAC da MP3 mai 320, wato MP3 mafi inganci, ko kaɗan. A manyan sifikun Baba na falo ne na ji shi tsakanin na kasuwa mai 128 da wannan, musamman a kalangu da ƙarar kuge, na kasuwan kamar an rufa mishi mayafi.

To yanzu inda ban ji daɗi ba, don akwai. Sati biyu ya ce min, sai da muka yi sati biyar. Na gane aikin ba ya son gaggawa kuma gyaran waya shi ke ciyar da shi kullum, amma ai sai ya faɗa tun farko, ko ya kira ya ce ba a gama ba, ni ne nake ta zirga-zirga daga Fadaman Mada zuwa Yelwa a keke napep, sau biyu na je na samu shagon a rufe wayar shi kuma ba ta shiga. Risit ma babu, da na nema sai ya yage takardar littafi ya rubuta adadin faya-fayan ya sa hannu, kayan da ba su da madadi bai kamata a karɓe su haka ba.

Babbar matsalar ita ce sunaye. Na ƙasar waje sunayen su da kansu suke saukowa daga intanet, namu kuwa sai an zauna an buga da hannu, shi kuma ya bar wa yaron shagon shi wannan ɓangaren, yaron ko a jikin shi. Wani wajen ya rubuta sunan makaɗi iri uku daban-daban, sai waya ta raba shi ta mai da shi mutum uku. Ƙ da ɗ da ɓ duk babu, alhali FLAC yana karɓar su lafiya lau a wajen suna, na gwada da kaina. Faifai huɗu kuma ya musanya musu kwali, na ƙasida ya koma gidan na tafsiri. Da na nuna wa Injiniya bai yi musu ba, ya ba da haƙuri ya ce na kawo sunayen a rubuce zai gyara ba ko sisi, amma aikin ya dawo kaina kenan. Shawarata in za ka kai, ka sa wa kowane kwali lamba, ka rubuta sunayen a littafi tun daga gida, faifan kuma kar ka manna mishi takarda ko ka sa biro.

Kuɗi kuma, naira 500 yake karɓa a kan kowane sidin sauti, 150 a kan na MP3 da VCD tunda kwafa ce kawai. Cikin 97 ɗin, 81 sun fito tas, 11 sun fito da ɗan tabo nan da can wanda rahoto ya nuna, 5 sun ƙi sam kuma bai caje ni a kan su ba. Lissafi ya kama dubu 58 da ɗari huɗu da hamsin, ya ce na ba da 55. Ya fi na kasuwa tsada nesa ba kusa ba, amma da na ga faifai ɗaya ya cinye mishi dare guda a kan naira 500 ban iya neman wani ragi ba. A cikin kuɗin har da kwafin MP3 mai 320 da ya fitar min daga FLAC ɗin saboda rediyon mota, don yawancin su ba sa karanta FLAC, waya kuwa Android tana buɗewa, in ta yi gardama ka sa manhajar VLC.

Wajen ajiya ma ya ba ni shawara mai kyau duk da ba shi ke sayar da kayan ba. Duka-duka abun bai kai gigabait 100 ba, na so na zuba a fulash ɗaya na huta, ya ce a'a, fulash na jabu sun yi yawa, zai nuna maka 128 alhali cikin shi bai kai haka ba sai ka cika shi ka tarar da fayil sun mutu, kuma ko mai kyau ne ba a jefa shi a durowa shekaru ba a jona ba a ce an yi ajiya. Sai na sayi had-dis guda biyu, ɗaya yana wajena, ɗaya na aika wa Yaya a Gombe don ko gobara ko ɓarawo ba za su haɗa gida biyu a rana ɗaya ba in sha Allahu. Na bikin da wasu guda goma da ba a samun su ko'ina na ɗora su a Google Drive, gigabait 15 da suke bayarwa kyauta ya ishe su. Ya ce duk shekara na jona had-dis ɗin na gwada fayil ɗin, bayan ƴan shekaru kuma na sayi sabo na juye. Ƴan uwa da suka ce a tura musu ta WhatsApp a matsayin dokumen nake turawa don ya isa yadda yake. Faya-fayan kansu ban zubar ba, na sauko da su daga saman sif, suna tsaye a jere cikin akwati a ɗakin da ya fi sanyi.

Akwai abu ɗaya da ya yi wanda ban roƙe shi ba. Ranar da na je karɓa wani ya shigo ya ji kiɗan kukuma na tashi, ya ce a tura mishi a waya zai biya, Injiniya ya ce ba nashi ba ne, kayan mutane ne, ga mai su nan a zaune. Bayan na tabbatar komai ya buɗe a had-dis ɗina, a gabana ya goge na kwamfutar shi, sai foldar guda biyar ɗin nan da suka ƙi kawai ya bari.

In waƙar da za ka ji a mota kake so ka bar shi, na kasuwa sun ishe ka kuma za su sallame ka a yini ɗaya. In kuwa kana da irin katan ɗin Baba a gida, musamman masu ƙasa kore ko shuɗi na biki da walima da wa'azin malaman unguwa da ba a taɓa sa su a intanet ba, to ka fara da su, ka je da littafinka da haƙurinka, ka kuma ninka duk lokacin da ya ce maka sau biyu. Ni ranar Asabar zan koma, ya ce ya samo aron wata tsohuwar na'ura wajen abokin shi zai sake gwada biyar ɗin. Sunayen kuma Hajiya ce ke taya ni, kullum bayan isha'i sai na kunna mata ɗaya ta saurara ta faɗa min waye wannan kuma a ina Baba ya samo shi ina rubutawa, jiya muka kai na 41.